Ƙarshen Zamani: Inda Kiristoci Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

 Yau za mu taɓo maganar da ba ta taɓa rasa masu ja-in-ja a kanta ba, wato ƙarshen zamani da dawowar Yesu Almasihu, kamar yadda Kiristoci suka fahimci al'amarin.

A ce ka tara mutum huɗu a inuwa ɗaya: fasto na ECWA, fada na Katolika, ɗan cocin Adventist, da Mashaidin Jehobah. Ka buɗe musu sura ta 20 ta Wahayin Yahaya, wanda wasu ke kira Ru'ya ta Yohanna, inda aka yi maganar ɗaure Shaiɗan na shekara dubu. Mai yiwuwa faston ya ce maka Yesu zai sauko ya yi sarauta a Urushalima shekara dubu cur. Fada zai ce dubun nan misali ce, kuma a cikinta muke tun yanzu. Ɗan Adventist zai ce a sama tsarkaka za su yi shekarun, duniya kuwa ta zama kango. Mashaidin Jehobah zai ce mutum 144,000 ne za su yi mulki tare da Yesu daga sama, sauran masu aminci su zauna a duniyar da aka gyara. Dukkansu aya ɗaya suka karanta, kuma babu wanda zai yarda a ce ba ya girmama Littafi Mai Tsarki.

'Yan'uwanmu Musulmi da ke sauraro ba baƙi ba ne ga wannan fage, domin su ma suna da maganar saukowar Annabi Isa da bayyanar Dujal. Amma yau cikin gidan Kiristoci za mu leƙa.

Abin da aka yi ittifaƙi a kansa gajere ne. A shekara ta 381 shugabannin ikkilisiya suka taru a birnin da yau ake kira Istanbul, suka kammala shaidar bangaskiyar da har gobe Katolika da Otodoks da yawancin Furotesta ke karantawa. A ciki an ce Yesu zai sake zuwa, zai yi wa masu rai da matattu shari'a, matattu za su tashi, mulkinsa kuma ba shi da iyaka. Ba a sa rana ba, ba a lissafa shekaru ba, ba a tsara abin da zai riga wani ba. Duk gardamar da za ku ji a yau, a wannan wuri da aka bari a buɗe take.

Gardamar kuma daga salon littattafan ta taso. Daniyel da Wahayin Yahaya ba labari suke bayarwa kai tsaye kamar Ayyukan Manzanni ba. Cike suke da namomin jeji masu kawuna bakwai da ƙahoni goma, da hatimai, da ƙahonin busa, da lambobi. Mai karatu dole ya yanke shawara: wanne zan ɗauka yadda yake, wanne kuma hoto ne na wani abu? Sannan ya sake tambayar kansa: wannan abin ya riga ya faru, ko yana faruwa, ko yana nan tafe? Amsar da ya bayar ita za ta nuna layin da zai shiga.

Kiristocin farko, waɗanda ake kamawa ana jefa wa zakuna a ƙarƙashin mulkin Romawa, da yawansu sun ɗauki shekara dubun a zahiri. Wanda ake farauta yana marmarin ranar da gaskiya za ta hau gadon sarauta a nan ƙasa, inda aka zalunce shi. Jastin, wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa wajen shekara ta 165, da Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, duka haka suka koyar. Sai dai Jastin da kansa ya rubuta cewa akwai Kiristoci na ƙwarai da yawa da ba su yarda da shi a kan wannan ba. Kun ga ke nan saɓanin ya girmi kowace ɗarika da muka sani.

Wanda ya juya akalar maganar ɗan nahiyarmu ne. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. A shekara ta 410 mayaƙan Got suka fasa birnin Roma, hankalin mutane ya tashi, wasu suka ce ai duniya ce ta zo ƙarshe. Agustin ya zauna ya rubuta babban littafinsa mai suna Birnin Allah, ya shafe sama da shekara goma a kansa. Ya faɗi cewa shi ma da ya yarda da mulkin shekara dubu na zahiri, daga baya ya sauya. A ganinsa dubu lamba ce ta cika, tana nufin duk tsawon zamanin da ke tsakanin zuwan Yesu na farko da na biyu. Ɗaurin Shaiɗan ya riga ya auku, ma'anarsa ba zai iya hana bishara kaiwa ga al'ummai ba. Yesu zai dawo sau ɗaya, a yi tashin matattu, a yi shari'a, shi ke nan.

Wannan fahimta ta riƙe ikkilisiyar yammacin duniya fiye da shekara dubu. Martin Luther da John Calvin sun yi faɗa da Roma a kan abubuwa masu yawa, amma a nan ba su kauce wa Agustin ba. Abin da ya faru a Munsta ta ƙasar Jamus ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. A 1534 wasu masu da'awar annabci suka ƙwace garin, suka ce shi ne sabuwar Urushalima, wani tela mai suna Jan na Laidin ya naɗa kansa sarki, ya tara mata, ya riƙa kashe masu musu da shi. A 1535 aka ci garin da yaƙi. Kejin ƙarfe uku da aka rataye gawarwakin shugabannin a ciki suna nan a hasumiyar wata majami'a ta garin har yau. Saboda haka in ka shiga cocin Lutheran ta LCCN a Numan, ko CRCN a wajen Takum, ko NKST a ƙasar Tibi, ko Katolika a ko'ina, koyarwar da aka gada a can ta Agustin ce, ko da wasu 'yan cocin sun tsinci wata a finafinai.

Akwai wani layin da ba za mu daɗe a kansa ba. Masu shi sun ce bishara za ta yi ta gyara duniya sannu a hankali, har a sami dogon zamani na salama da adalci, sa'an nan Yesu ya dawo. Jonathan Edwards na Amurka yana cikinsu, kuma wannan fata ya zaburar da mutane da yawa wajen yaƙi da cinikin bayi. Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, inda ƙasashen da ke kiran kansu na Kirista suka karkashe junansu miliyoyi, shi ya karya lagon wannan ra'ayi. Yana nan, amma mabiyansa sun ragu.

Sai masu cewa yawancin annabce-annabcen nan sun riga sun cika. Hujjarsu tana da nauyi, ya kamata a saurare ta. A sura ta 24 ta Matiyu, almajirai suna nuna wa Yesu ginin Haikali ne ya ce musu za a rushe shi, ya ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da gudun hijira, ya kuma nuna cewa mutanen zamanin za su ga abin da idonsu. Bayan kimanin shekara arba'in, a shekara ta 70, Titus ya zo da rundunar Romawa ya ƙone Haikalin, ya ragargaza Urushalima. Masu wannan ra'ayi sukan ce, me ya sa za mu tsallake abin da ya faru a gaban waɗanda aka yi wa maganar, mu je muna nemansa a labaran ƙarfe bakwai? Yawancinsu dai sun yarda dawowar Yesu da tashin matattu suna gaba.

A nan ne maganar lambar nan 666 ta Wahayin Yahaya ta shigo. Duk wanda ya san waƙoƙin ajami ya san ramzi, yadda malami kan ɓoye shekarar da ya rubuta waƙa a cikin baƙaƙe, kowane baƙi da lambarsa. Yahudawa da Girkawa ma haka suke yi. In aka rubuta sunan Kaisar Nero da baƙaƙen Ibrananci aka haɗa lissafi, 666 ake samu. In aka bi yadda Romawa ke furta sunan, baƙi ɗaya ya faɗi, sai a sami 616, kuma akwai tsofaffin kwafen littafin da 616 ɗin ce a ciki. Nero kuwa shi ne ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar Roma ta shekara ta 64, ya yi musu kisan wulaƙanci. Masana da yawa suna ganin Yahaya, yana tsare a tsibirin Batmusa, ya yi wa ikkilisiyoyi bakwai na ƙasar Turkiyya ta yau zaurance ne a kan mulkin Roma. Wasu sun ƙi, sun ce mutumin yana nan zuwa. Ireniyus ya gwada sunaye uku da lissafinsu ya dace, sannan ya ce gara a jira a gani da a yi ta kirdado.

Ba a ji shawararsa ba. An liƙa wa Fafaroma lambar nan, an liƙa wa Napoleon, da Mussolini, da Hitler. An liƙa wa Gorbachev saboda tabon goshinsa, an liƙa wa Ronald Wilson Reagan don kowane sunansa baƙi shida ne. A zamaninmu ta sauka a kan katin ATM, da BVN, da NIN, da allurar rigakafin korona. Waɗancan mutane duk sun mutu, katunan kuma suna aljihunmu. Ni dai a ganina, lissafin da ya dace da kowa bai nuna kowa ba.

Yanzu mu zo kan ra'ayin da ya fi ƙarfi a kunnen mutanenmu, har wasu na zaton shi kaɗai ne ke akwai. An ce wata rana, ba zato ba tsammani, za a fyauce masu bi zuwa sama, direba ya ɓace a kan sitiyari, uwa ta nemi jaririnta ta rasa. Sai magabcin Almasihu ya bayyana, a yi shekara bakwai na babban tsanani, a gwabza yaƙin Armagedon, Yesu ya sauko tare da tsarkaka ya yi mulkin shekara dubu a Urushalima. Wannan tsari, a yadda yake ɗin nan daki-daki, bai cika shekara 200 ba. Wanda ya shimfiɗa shi shi ne John Nelson Darby, limamin Angilika a Ailan wanda ya fice daga cocinsa, wajen shekarun 1830. Ya ce Allah yana da shiri biyu daban, ɗaya na Isra'ila, ɗaya na ikkilisiya. Ya ɗauki makonni saba'in na sura ta 9 ta Daniyel, ya ce mako na ƙarshe, wato shekara bakwai, an jingine shi sai an ɗauke ikkilisiya daga duniya.

Darby ya yi ta zirga-zirga zuwa Amurka da Kanada yana koyarwa, amma abin da ya kai maganar gida-gida wani bugu ne na Littafi Mai Tsarki da C. I. Scofield ya fitar a 1909. Aya a sama, bayanin Scofield a ƙasan shafi, takarda ɗaya. Mutum ya yi shekara ashirin yana karanta shi, sai ya kasa tuna wanne ne nassi, wanne ne sharhi. A 1924 aka buɗe makarantar tauhidi ta Dallas a Teksas, ta zama cibiyar wannan koyarwa.

Ta yaya ta iso mana? Ta hannun 'yan mishan. A 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Biyu suka mutu cikin shekara guda, Bingham ya koma ya sake shiri, daga nan ƙungiyar mishan ta SIM ta samu. Irin waɗannan 'yan mishan sun yarda cewa sai bishara ta kai ga kowace al'umma kafin ƙarshe ya zo, don haka suna ganin kowane ƙauye da suka shiga yana matso da dawowar Yesu. Wannan gaggawa ce ta kai su Patigi da Kagoro, ta kai su Damagaram da Tsibiri da Galmi a Nijar. Daga wannan aiki ECWA ta fito, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi wanda ya yi sakatarenta, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan malaman tauhidi na Afirka kafin rasuwarsa a 1975, a Dallas ɗin nan ya yi digirinsa na uku. Daga baya cocin Fentikos suka ɗauki maganar fyaucewa suka ƙara mata amo, ga finafinai da littattafan labari irin su Left Behind da aka fara fitarwa a 1995.

Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da sura ta 4 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, inda ya yi maganar ɗauke masu bi su taryi Ubangiji a sararin sama. Masu musu da su sukan ce, a karanta wurin da kyau, akwai kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da busar ƙaho, ina asiri a nan? Sukan ƙara da cewa tarye ai fita ake yi a rako baƙo cikin gari, ba a bi shi a koma inda ya fito ba. Akwai kuma tambayar da ta fi ciwo. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar cocin EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, an ƙone majami'u, an kashe fastoci da membobi, dubbai suka watse. Wanda ya ratsa wannan, in aka ce masa mai bi ba zai ga tsanani ba, me zai ce? Masu koyar da fyaucewa suna da amsa: sun bambanta tsanantawar mutane, wadda Yesu ya ce za a sha, da fushin Allah na ƙarshe, wanda suka ce shi ne za a tsallakar da ikkilisiya daga gare shi. Amsa ce mai ma'ana. Sai dai ba kullum ake jin wannan bambanci daga kan bagade ba, kuma mai wa'azin da ya bar shi a baya yana yi wa jama'arsa alkawarin da littafin bai yi ba.

Kafa ƙasar Isra'ila a 1948 da kama gabashin Urushalima a 1967 sun ƙara wa wannan layi ƙarfi ƙwarai, domin sun ce ga annabci yana cika a gaban kowa. Shi ya sa miliyoyin Kiristoci a Amurka, da wasu a nan, ke ɗaukar goyon bayan Isra'ila a matsayin ibada. Kiristocin Falasɗinu na Baitalami, waɗanda kakanninsu ke wurin tun ƙarnonin farko, yawancinsu ba su yarda da wannan karatu ba ko kaɗan.

Duk waɗannan ra'ayoyi, mutum zai iya riƙe kowanne ya zauna lafiya da maƙwabcinsa. Inda ɓarna take shi ne sa rana.

William Miller manomi ne a jihar New York, mai tsoron Allah, ba mayaudari ba. Ya ɗauki kwana 2,300 na sura ta 8 ta Daniyel, ya ce kowace rana shekara ce, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Yesu, lissafi ya kai shi 1843 zuwa 1844. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Wasu suka bar amfanin gona a tsaye ba girbi, wasu suka rufe shaguna. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar ta zo ta wuce, dubban mutane suka kwana suna kuka. Miller ya amsa cewa ya yi kuskure. Wasu daga cikin mabiyansa suka ce ranar daidai ce, wurin ne aka kuskure, wai a sama Yesu ya fara wani aikin shari'a. Daga cikinsu cocin Adventist ta fito a 1863, wadda ke da asibiti a Jengre ta jihar Filato, kuma ba ta ƙara sa rana ba. Shaidun Jehobah ma sun sa ido a kan 1914, da 1925, da 1975. Yau suna koyar da cewa a 1914 Yesu ya fara mulki a sama ba tare da an gan shi ba.

Bayan kafa Isra'ila a 1948, Hal Lindsey ya fitar da littafi a 1970 da aka sayar da miliyoyinsa, ya nuna cewa tsara ɗaya shekara arba'in ce, kowa ya haɗa lissafi ya sami 1988. Wani tsohon injiniyan NASA, Edgar Whisenant, ya buga dalilai 88 da suka sa za a yi fyaucewa a shekarar. Da ta wuce sai ya koma 1989.

Tunda mu ma ta rediyo muke magana, dole mu ambaci Harold Camping, shugaban gidan Family Radio a Kalifoniya. Ya sa 1994, ba ta yiwu ba. Ya sa 21 ga Mayu 2011, aka kafa allunan talla a ƙasashe da dama, wasu suka ajiye aiki, wasu suka zuba kuɗin fanshonsu a tallar. Ya matsar zuwa 21 ga Oktoba. A Maris 2012 ya fito ya ce abin da ya yi zunubi ne, ya rasu a 2013. Waɗanda suka sayar da gidajensu kuwa, babu wanda ya mayar musu.

Wannan asarar dukiya ce. A Kanungu ta ƙasar Yuganda rayuka aka yi asara. Wata ƙungiya da ta ɓalle daga Katolika, ƙarƙashin Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde, ta ce duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da abin hannunsu suka miƙa kuɗin. Da shekara ta juya, wasu suka fara neman a mayar musu. Ranar 17 ga Maris 2000 aka rufe ɗaruruwan mutane a ɗakin ibada, wuta ta cinye su, daga baya aka tono wasu gawarwakin a gidajen ƙungiyar. Sama da mutum 700 suka hallaka, da yara masu yawa a ciki. A 2023 kuma aka tono gawarwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, inda ake tuhumar Paul Mackenzie da umartar mabiyansa su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu.

Abin lura shi ne, littafin da waɗannan mutane ke riƙe da shi ya riga ya rufe wannan ƙofa. A cikin surar nan ta 24 ta Matiyu, Yesu ya nuna cewa sanin ranar na Uba ne kaɗai, mala'iku ma ba su da shi. Da wasu a Tasalonika suka daina aiki suna zaman kashe wando, Bulus bai yaba musu ba, ya rubuta musu su koma su nemi abincinsu da hannunsu. Agustin da Darby sun yi hannun riga a kan shekara dubu, amma babu ɗayansu da ya ce wa manomi ya bar gonarsa.

Don haka, masu sauraro, in wa'azin ƙarshen zamani ya shigo wayarku, ku tambayi fastonku ko fadanku wane layi cocinku take bi da dalilinta, ku kuma roƙe shi ya faɗa muku abin da sauran ke cewa ba tare da zagi ba. Wanda kuwa ya sa muku rana, ko ya ce ku cire yara daga makaranta, ku daina shan magani, ku sayar da gona ku kawo masa kuɗin, kada ku bi shi, kuma ku sanar da shugabannin coci da hukuma tun da wuri.